Ja-da-Yalo a Kokon Gimba

SHAFI NA 23

Salamu alaikum jama'ata. Masu bina ta bayan fage kuna cewa in na bari Gimba ya mutu kun daina karanta labarina, na ji ku, amma ni ba likita ba ce. Wadda ta shigo yau kuma, ga inda muka tsaya. Shekarar 1978 ce a Fatakwal. Gimba mahauci yana kwance a ɗakin gobe-da-nisa tun da tsinin ƙashi ya soke shi a hannu a kwata, ciwon ya shiga jini, an yi masa allura iri-iri duk sun ƙi ci. An aika Inugu a kawo wata sabuwa, ita ake jira.

*

Ruwa ake tun asuba, irin na Fatakwal da ba ya neman izinin kowa. Tabawa na zaune a bencin baranda da filas ɗin koko a cinya, ta ƙura wa tagar gilashi ido, don ta nan kaɗai ake barin dangi su leƙa. Can ciki mijinta ne a gadon da ke jikin bango, roba a hanci, roba a hannu, wata na'ura tana yi masa numfashi tana huci. Mutumin da ke kayar da bijimi shi kaɗai, yau ko idonsa ba ya iya ɗagawa.

Asibitin sabo ne fil, kuɗin mai ne suka gina shi, hatta bokitin shara daga Turai aka kawo. Tabawa dai ta daina ganin ƙyallin tun kwanan farko.

Kullum sai ta damo kokon. Kullum sai nas ta girgiza kai ta ce, "Mama, e no fit drink." Kullum kuma sai ta sake damowa washegari, 'yarta Baiwa ta shanye don kada ya lalace.

"Salamu alaikum. Uwargida, an tashi lafiya?"

Dogara ne, dillalin shanu, aminin Gimba tun suna samari. Ya naɗe lema ya zauna can ƙarshen bencin.

"Lafiya lau, Malam Dogara. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

Kun san mu dai. Ko likkafani ake aunawa, da sauƙi za mu ce.

Dogara ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Likitan ya sake tambaya?"

"Jiya ma ya tambaya. Wai ko yana shan wani magani a gida."

"Kika ce?"

"Na ce babu."

"Madalla. Ki riƙe a haka. Mutanen nan da zarar sun ji, sai ki ga 'yan sanda a kasuwar Mile 3 ana bincike rumfa-rumfa. Mu baƙi ne a garin nan, Uwargida. Kin san yadda muka fita, kin san yadda muka dawo."

Ta mayar da idonta kan tagar gilashi.

Sai ga Baiwa ta hawo matakala, a jiƙe sharkaf, fuskar nan a murtuke. Hannunta na dama na cikin mayafi, na hagu riƙe da wani babban gwangwanin madara. Ta dire shi a tsakiyar bencin, har Dogara ya zabura.

"Inna, mene ne wannan?"

"Ba ki gaida Babanki Dogara ba."

"Ina kwana Baba. Inna, mene ne wannan?"

"Gwangwanin madara ne. Makaho ma ya sani."

"Sukari na je nema a bayan tukunyar gasara."

Ta sa babban yatsa ta ɓalle murfin. Kafso ne cike har baki, irin mai rabi ja rabi yalo da ake ce wa ja-da-yalo. Waɗansu sun koɗe, waɗansu damshi ya manne su da juna. A gefe kuma ga ɓawon waɗanda aka riga aka fasa aka zazzage.

Dogara ya yi gyaran murya.

"Na kaji ne."

"Baba, rabonmu da kaji tun da aka zuba kwalta a layinmu."

"To na shanu ne. Ai da shi muke kawo su lafiya tun daga Maiduguri, ba wanda ke faɗuwa a hanya."

"A ɗakin girkin Inna ake kiwon shanun?"

Dogara ya mayar da hankalinsa kan lemarsa.

Baiwa ta durƙusa a gaban uwarta. Gumi ne a goshinta duk da sanyin ruwan, Tabawa ta ɗauka na ɓacin rai ne.

"Inna, ɗan ɗacin nan na kokon Baba. Wanda yake yi wa abokansa alfahari, wai duk unguwar Diobu ba mai dama koko kamar matarsa. Wanda kika ce min kanumfari ne da tsamiya."

Tabawa ta kau da kai.

"Inna, ki dube ni."

"Rage murya, asibiti ne."

"Tun yaushe?"

"Tun da muka dawo."

"Tun da muka dawo! Shekara takwas? Kullum?"

"Kullum."

"Ya sani?"

"Da ya sani da bai sha ba. Kin san Babanki da magani."

Baiwa ta dafe kai.

"God of mercy. A gabana likita ya tambaye ki, Inna. Ya ce akwai abin da ya sa ƙwayar cutar nan ta ƙi jin magani, yana so ya sani kafin ya yi masa ta Inugu. Kika dubi idonsa kika ce babu. Kashe shi kike so ki yi?"

"Kul!" in ji Dogara. "Uwarki ce fa."

Tabawa ta ɗaga masa hannu. Maganar ta dake ta, amma ba ta yi fushi ba. Yarinyar da aka goya aka gudu da ita, me za ta tuna?

"Zauna," ta ce. "Ke ba ki san gidanmu na farko ba, sai dai labari."

Ita kam ta san shi, ko yanzu ta rufe ido tana jin ƙamshinsa. Gidan haya ne a bayan tashar Mile 3, ɗakuna a jere, famfo ɗaya, turmi ɗaya. Ɗakin da ke jikin nasu na Mama Ebere ne, 'yar Anacha, matar mai kemis. Ranar da aka kawo Tabawa daga Kano ba ta jin ko zo-in-kashe-ka da yaren kowa, Mama Ebere ce ta kama hannunta ta kai ta kasuwa, ta koya mata taya kifi da yatsu. Da Kirsimeti a aiko musu da shinkafa da kaza mai rai don Gimba ya yanka da kansa, da Babbar Sallah kuma cinya guda ta Mama Ebere ce, ba mai taɓawa. Da yamma Gimba ya hura gawayi a tsakar gida ya gasa ragowar naman kwata, yaran gidan duka su kewaye shi, ba a tambayar ɗan wa ne. Ɗansu na fari, Lawal, a ɗakin Mama Ebere ya koyi magana, har Gimba na tsokanar ta wai ta sace masa ɗa da rana tsaka. Ba su da komai a lokacin sai katifar ciyawa da fitilar ƙwai, amma Tabawa ba ta taɓa yin barci mai daɗi irin na gidan nan ba.

"Sai shekarar gudu ta zo, gab da yaƙin basasa," ta ce a hankali. "Babanki ya shigo da sara a kafaɗa. Yayanki kuma ya taka fasasshiyar kwalba muna gudu zuwa tashar jirgi. Ɗan yanka ne haka, bai kai tsawon yatsa ba."

Ba ta faɗi sunansa ba. Ɗan fari ne, ko yana raye ba ta taɓa kiran sunansa ba, balle yanzu.

"Mama Ebere ce ta biyo mu a guje, ba ɗankwali, ta cusa kai cikin mutane tana kiran sunana. Ta ɗaure min ja-da-yalo a bakin zane, 'yan kaɗan, abin da hannunta ya iya ɗebowa daga shagon mijinta. Ta ce in na raba biyu ba zai yi wa kowa aiki ba, in bai wa wanda ya fi jin ciwo."

Dogara ya sunkuyar da kai. Yana cikin taragon, ya san sauran.

"Na dubi kafaɗar Babanki, ƙashi a waje. Na dubi ƙafar yaro, yana ma wasa da 'yan uwansa a ƙarƙashin kujera. Ke wa za ki ba?"

Tabawa ta ci gaba.

"Jirgin ya yi ta tsayawa a daji. Kafin mu haye Makurɗi ƙafar ta kumbura, wani jan layi ya taso daga yankan yana hawa. Na kwance bakin zane, ba ko ɗaya. A Kafanchan aka sauke mana shi."

Ruwa na ta dukan kwano. Wata nas ta wuce tana tura keken magani, ta dube su ta kau da kai.

"A bakin kabarin nan na yi alkawari tsakanina da Ubangijina. Muddin ina numfashi, gidana ba zai sake kwana babu ja-da-yalo ba. Kuma ba zan jira ciwo ya zo ba, ni zan tare shi a hanya."

Haka kuwa aka yi. Da yaƙi ya ƙare suka dawo a bayan motar shanu, su da Dogara, suka tarar da baƙin fuskoki a ɗakin Mama Ebere, ba wanda ya san inda ta yi. Dogara ya sha neman labarinta a kasuwar Ose Okwodu in ya biyo ta Anacha, wajen 'yan albasa da 'yan barkono, har suka gaji da shi. Sai kuma Allah ya buɗe. Kuɗin mai suka cika gari, kamfanoni na neman nama kamar ba gobe, Gimba ya sayi Basfa, ya sayi rikoda, ya kama gida sukutum. Ja-da-yalon da ta rasa ɗaya tak a jirgi, sai ga shi a tasha a kan faranti ana aunawa kamar gyaɗa. Mutumin da ke wuni cikin wuƙa da jini da ƙashi, ta ce a ranta, ai shi ya fi kowa buƙata. Dogara ke kawo mata daga Anacha da araha. Wata ta sayi gwal, wata ta tara kwalla da samira, ita arzikinta gwangwanin nan ne. Duk safiyar da ta fasa guda a kofinsa ta ga ya shanye ya lashe baki, sai hankalinta ya kwanta har dare.

"Kin ji abin da kika kira kisa," ta ce.

Hawaye ya zubo wa Baiwa.

"Inna, ban sani ba."

"Ba ki da laifi. Ni ma ban san ko ina da shi ba."

Ƙofar gilashin ta buɗe. Dakta Wokoma ne ya fito yana sauke ƙyallen da ya rufe hanci da baki. Ɗan Ribas ne, amma a Zariya ya yi karatu, Hausarsa ta Samaru ce, mai ɗan karkace amma ana ganewa. Kafin ya ƙaraso, Dogara ya yi wuf ya yafa hannun babbar rigarsa a kan gwangwanin.

"Mama, sannu da zama. Alhaji, sannu."

"Yauwa likita, sannu da ƙoƙari," in ji Dogara da fara'ar da ta yi yawa.

Likitan ya ja kujera ya zauna daf da Tabawa. Idonsa ja ne don gajiya.

"Mama, zan faɗa miki gaskiya. Mun ɗauki ƙwayar cutar daga jininsa, mun shuka ta a faranti, mun ɗiga mata duk maganin da muke da shi. Ba wanda ya kashe ta. Ta san su duka. Ɗaya ya rage, shi ne wanda na aika Inugu. Amma allurar nan tana da ƙarfi a kan ƙoda. In ƙodarsa lafiya take, zan ba shi cikakkiya. In akwai abin da ya daɗe yana cin ta, cikakkiya za ta ƙarasa shi. Awon da na yi bai yi min daɗi ba, kuma ban san dalili ba."

Ya haɗa tafin hannuwansa.

"Don Allah, Mama. Ba zan kira kowa ba, ba zan yi miki faɗa ba. Yana shan wani abu a gida?"

"Ai ta riga ta gaya maka, likita," Dogara ya karɓe. "Mutumin nan ko ciwon kai—"

"Malam Dogara."

"Na'am, Uwargida."

"Ɗaga rigarka."

"Uwargida, ki yi tunani."

"Na yi. Na taɓa yin shiru da abu a bakin zane har ya ƙare min. Ɗaga."

Ya ɗaga, jikinsa a sanyaye. Tabawa ta ɗauki gwangwanin da hannu biyu, kamar mai miƙa jariri, ta ɗora a cinyar likitan.

"Guda ɗaya kowace safiya, a cikin koko. In na ga ya yanke ko yana mura, biyu. Tun da muka dawo garin nan. Da ƙashin ya soke shi kuma na fasa na barbaɗa a kan ciwon, shi ya sa ba mu zo da wuri ba. Bai sani ba, likita. In akwai ɗauri ni za a ɗaure."

Dakta Wokoma ya ɗebo kafson a tafin hannu, ya murza wani da ya koɗe, garin ya fito baƙi-baƙi maimakon yalo. Ya daɗe yana kallonsa.

"Wannan ya lalace tun tuni. In ya tsufa haka, ƙoda yake ci." Ya numfasa. "Sauran kuma, Mama, maganin nan ba a shan sa don tsaro. Duk ranar da kika ba shi guda, ƙananan ƙwayoyin cuta ne ke mutuwa, masu taurin kai su rage, su haihu. Shekara da shekaru kina horar da su a jikinsa. Da ƙashi ya buɗe musu ƙofa, waɗanda suka shiga sun riga sun saba."

Abin da Tabawa ta ɗauka katanga ce take gina masa, ashe ƙofa take sassaƙawa.

"Ni na yi masa ke nan."

"Ke kika taimake shi yanzu. Da na ba shi cikakkiyar allura yau, da ba mu kai jibi da shi ba. Zan rage, in bi a hankali. Akwai fata."

"Alhamdu lillahi," in ji Dogara, yana share fuska da hular da ya cire. "Alhamdu lillahi."

Likitan ya miƙe da gwangwanin a hannu, har ya juya, sai idonsa ya faɗa kan filas ɗin da ke cinyar Tabawa.

"Wannan fa?"

"Kokonsa ne."

"Da kafso a ciki?"

Ta sunkuyar da kai.

"Hannu ya saba."

"Shi ba ya sha tun da ya zo nan. Wa ke shanyewa?"

Tabawa ta juya a hankali ta dubi 'yarta. Sai yanzu ta tuna abin da ta gani dubun safiya ba ta taɓa kawo komai a ranta ba: Gimba ya sha rabin kofi, ya miƙa wa Baiwa sauran, ya ce ragowar uba albarka ce. Tun tana 'yar firamare har ta zama budurwa bai taɓa fashi ba.

Baiwa na jingine da bango, leɓenta a bushe, idonta ya yi ciki.

"Young lady," likitan ya ce, "me ya sa kike ɓoye hannun nan?"

"Nothing, sir. Ba komai."

"Wa yake wanke wa Babanki ciwo kafin ku kawo shi?"

"Ni ce."

"Da safar hannu?"

Ta girgiza kai.

Tabawa ba ta jira ba. Ta tashi, filas ya faɗi ya fashe, koko ya malale a kan siminti. Ta kamo yarinyar, jikin nan zafi kamar garwashi, ta fizge mayafin.

An naɗe yatsan da tsumma. Baiwa ta ce wuƙar albasa ce, ɗan yanka ne, ba ta so ta ƙara wa Inna damuwa. Tabawa ta warware tsumman. Yankan bai kai tsawon ƙumba ba, amma hannun ya kumbura har wuyansa, kuma wani jan layi ya taso daga yatsan, ya wuce gwiwar hannu, yana hawa.

Ta san layin nan. A taragon jirgi ta fara ganinsa.

"Lawal!" ta ƙwala, sunan da ba ta taɓa kira ba tun da ta haife shi. "Wayyo Allah, Lawal!"

Likitan ya riga ya tare Baiwa da ta sulale.

"Sister! Kawo gado, yanzu! Motar Inugu ta iso?"

Nas ta fito a guje, rungume da wani ɗan kwali.

"E just land, sir."

"Nawa suka bayar?"

Nas ta dubi Baiwa, ta dubi Gimba ta cikin gilashi, sannan ta dubi Tabawa.

"Na only one person own, sir."

Tabawa ba ta jin Turanci sosai, amma shekarunta a Fatakwal sun isa ta gane wannan.

Ta mutum ɗaya ce.